Bawul Mai Mayar Da Hayaƙi Cikin Injin Mota: Aikinsa Da Yadda Ake Ɗaura Shi

Da yawa daga cikin motocin da ke zirga-zirga a titunanmu a yau, an riga an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. An ƙera waɗannan motoci ne bisa dokokin tsabtar iska na ƙasashen da suka fito, saboda haka suna ɗauke da wasu na'urori waɗanda makanikanmu ba su saba da su ba a zamanin Peugeot 504 mai kabureta da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Daga cikin waɗannan na'urori akwai wani ɗan bawul da ake kira EGR, wanda girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, amma idan ya samu matsala sai ya hana mota silo, ya sa ta riƙa mutuwa a tsakiyar hanya, ko ya kunna fitilar gargaɗi ta injin. Sau da yawa mai mota yakan biya kuɗin fulogi da nozul da famfon mai, duk a banza, alhali ciwon yana jikin wannan bawul. Wani lokaci kuma akan sayi sabon bawul da tsada, a ɗaura, a tarar ba shi ne ya lalace ba. Wannan bayani an yi shi ne domin masu motoci da direbobi da makanikai, don a san abin da bawul ɗin yake yi, da yadda ake gane lalacewarsa, da kuma yadda ake ɗaura shi daidai.

Dalilin ƙirƙiro shi

Iskar da muke shaƙa, wadda ita ce injin mota ke zuƙa, kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin. A yanayi na yau da kullum waɗannan biyun ba sa haɗuwa da juna. Amma a cikin silinda, a daidai lokacin da mai ya kama da wuta, zafi yakan haura digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyos, ya ma wuce haka nesa ba kusa ba, kuma a irin wannan zafi ne suke haɗuwa su haifar da wasu iskoki masu cutarwa da masana ke rubutawa NOx a taƙaice. Iya tsananin zafin, iya yawan abin da ake samu.

An fara gane illar waɗannan iskoki ne a birnin Los Angeles na Amurka, inda wani irin hazo mai sa ido yaji ya addabi jama'a tun daga shekarun 1940. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai mai suna Arie Haagen-Smit, haifaffen ƙasar Holan da ke koyarwa a Kalifoniya, ya nuna cewa hazon yana samuwa ne idan hasken rana ya bugi NOx da tururin man da bai ƙone ba, kuma motoci na kan gaba wajen fitar da su. A shekarar 1970 Amurka ta tsaurara dokarta ta tsabtar iska, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa. Daga motocin ƙirar 1973 bawul ɗin EGR ya bazu a motocin Amurka. Na farko-farkon ba su da inganci sosai, suna sa mota jan ƙafa, don haka masu motoci da dama a can ma suka riƙa cire musu tiyo. Mummunan sunan da bawul ɗin ya yi a wancan lokaci har yau yana bin sa, ko da yake na yanzu sun bambanta ƙwarai da na da.

Turai ta biyo baya da matakanta da ake kira Euro, tun daga Euro 1 a 1992. Ga ƙananan motocin dizal, Euro 3 na shekarar 2000 ya ƙayyade NOx a kan giram 0.50 a kowace kilomita, Euro 4 na 2005 ya mayar da shi 0.25, Euro 5 na 2009 ya sauke shi zuwa 0.18, sannan Euro 6 na 2014 ya kai shi 0.08. Kowane mataki ya tilasta wa kamfanoni ƙara dogaro da EGR, shi ya sa da wuya a ga ƙaramar motar dizal da ta fito daga Turai a waɗannan shekaru ba tare da shi ba.

Yadda yake aiki

Maƙeri idan yana son wuta ta yi ƙarfi, zugazugai yake bugawa ya ƙara mata iska. Uwargida kuwa idan tana son garwashi ya lafa ba tare da ya mutu ba, toka take barbaɗa masa. Aikin EGR irin na tokar nan ne. Yana ɗibar wani kaso na hayaƙin da ya riga ya ƙone, tun kafin ya bi salansa ya fita, ya mayar da shi cikin manifol ɗin da iska ke bi ta shiga silinda. Wannan hayaƙi oksijin ɗinsa ya ragu, ba ya ƙara ci da wuta, kuma tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid da ke cikinsa suna shanye wani ɓangare na zafin. Da haka ƙololuwar zafin cikin silinda ke sauka, NOx ya ragu.

A injin fetur, hayaƙin da ake mayarwa yakan kama daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. A injin dizal yana iya kaiwa kusan rabi idan motar ba ta ɗauke da nauyi. Abin lura shi ne bawul ɗin ba a buɗe yake kullum ba. A motar fetur yana rufe idan injin bai ɗumama ba, yana rufe a lokacin silo, yana kuma rufe idan direba ya take totur har ƙasa domin wuce wata mota ko hawan tudu. Yana buɗewa ne a tafiya matsakaiciya, kamar yadda ake yi a doguwar hanya mai kyau. Wannan ya isa amsa ga masu cewa EGR yana rage wa mota ƙarfi: a lokacin da ake neman dukkan ƙarfin injin, bawul mai lafiya a rufe yake. A motar dizal kuwa yakan kasance a buɗe har a lokacin silo, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa nata ya fi saurin yin dauɗa.

Injin fetur yana samun ƙarin amfani biyu. Saukar zafin yana rage ƙarar nan mai kama da karkaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda ke faruwa idan mai ya fashe da kansa ba a kan ƙa'ida ba. Haka kuma yana rage wahalar da fistan ke sha wajen zuƙo iska idan totur a ɗan buɗe yake, abin da ke ɗan rage shan mai.

Tsofaffin bawul suna aiki ne da ƙarfin zuƙar injin. Suna da kai mai faɗi kamar faifai, a ciki akwai tantanin roba da sifirin, sai wani siririn tiyo da ke zuƙe iska ya ɗaga tantanin, sandar bawul ta tashi, hanya ta buɗe. Irin wannan ne a kan Toyota Camry mai silinda huɗu ƙirar 1997 zuwa 2001. Na baya-bayan nan kuwa suna da ƙaramin injin lantarki da sensa mai sanar da kwamfutar mota iya buɗewar da suka yi, kuma ana gane su da soket mai wayoyi da yawa. A motocin dizal da wasu na fetur na zamani, hayaƙin yakan fara bi ta wani akwatin ƙarfe da ruwan lagireto ke sanyaya shi kafin ya isa manifol.

Ya kamata a sani cewa ba kowace mota ke da wannan bawul ba. Motocin fetur da yawa na shekarun 2000 masu tsarin sauya lokacin buɗewar bawul-bawul na kan silinda, kamar Toyota Corolla mai VVT-i ƙirar 2003 zuwa 2008, suna riƙe ɗan hayaƙi ne a cikin silinda da kansu, ba su da EGR na waje. Duk wanda aka ce masa a sauya EGR a irin wannan mota, ya nemi a nuna masa shi da yatsa.

Abin da ke lalata shi

Babban abokin gābar wannan bawul shi ne kunkunniya. Hayaƙi yana tafe da baƙin gari, ga kuma tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikin injin yana shiga manifol. Idan biyun suka haɗu sai su zama wani abu mai danƙo kamar kwalta, ya manne a sandar bawul da hanyoyin da hayaƙi ke bi, ya bushe ya yi tauri. Akwai motocin dizal da ake buɗe manifol ɗinsu a tarar hanyar iska ta tsuke har da ƙyar yatsa ke shiga.

Yanayin da motocinmu ke aiki yana gaggauta wannan. Gajerun tafiye-tafiye a cikin gari, da daɗewa a cunkoso, da barin mota tana silo na tsawon lokaci domin iyakwandishan, duk suna ƙara tara dauɗa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, injin ya rasa isasshiyar iska, baƙin hayaƙi ya ƙaru. Baƙin mai maras kyau ko wanda ya daɗe ba a sauya ba, da nozul da ya gaji, su ma suna da nasu kason. Sai kuma batun ingancin mai. Tun 2009 Turai ta ƙayyade farar wuta a cikin man mota a kan kashi 10 cikin miliyan, alhali a Najeriya an daɗe ana amincewa da dizal mai kashi 3,000 cikin miliyan, sai a 2017 aka sauya ma'aunin zuwa 50. A shekarar 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da wannan ma'auni na 50 ga dukkan yankin, tare da matakin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. Farar wuta idan ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa takan zama ruwa mai cin ƙarfe, wanda ke illata bawul da akwatin sanyaya hayaƙi. Motar da ta yi shekaru tana shan tsohon dizal, akwai yiwuwar tana ɗauke da tabonsa.

Alamomin lalacewa iri biyu ne, kuma bambanta su shi ne rabin gyara. Idan bawul ya maƙale a buɗe, hayaƙi zai riƙa shiga a lokacin da ba a buƙatarsa: mota za ta yi ta karkarwa a silo, ta mutu idan an tsaya a danja, ta yi wuyar tashi, a dizal kuma ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi tana kasa jan jiki. Idan kuma ya maƙale a rufe, ko hanyarsa ta toshe, silo zai kasance lafiya lau, amma motar fetur za ta riƙa ƙarar tsakuwa wajen hawan tudu ko ɗaukar kaya, fitilar gargaɗi kuma ta kama.

Bincike kafin sayen sabo

Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, da na dizal daga 2004, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanto lambar matsala. P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa bai isa ba. P0402 na nufin ya yi yawa. P0403 na nuna matsala a wayoyi ko bangaren lantarki, P0404 kuma na nuna bawul bai tsaya inda kwamfuta ta umarce shi ba. A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Lambar tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne, ba ta ce bawul ya mutu ba. A Honda Accord ƙirar 1998 zuwa 2002, alal misali, sanannen abu ne cewa P0401 yakan fito ne saboda toshewar hanyar hayaƙi a cikin manifol, bawul ɗin kansa kuwa lafiyarsa ƙalau. A motocin Ford da yawa, sensar da ke auna matsin hayaƙi ce ke mutuwa, ko siraran tiyonta su tsage. A tsohuwar Camry kuwa akan samu matsalar a ƙaramin makunnin lantarki da ke sarrafa zuƙa, ko a tiyon da zafi ya busar.

Ga bawul mai tiyo akwai gwaji mai sauƙi. A bar injin ya ɗumama yana silo, a cire tiyon, a jona famfon zuƙa na hannu a zuƙe iskar. Idan bawul da hanyarsa lafiya suke, injin zai fara karkarwa ko ya mutu nan take. Idan sandar ta ɗaga amma injin bai damu ba, hanya ce ta toshe. Idan sandar ba ta motsa ba, ko zuƙar ta ƙi tsayawa, galibi tantanin ne ya yage ko sandar ta maƙale. Na lantarki kuwa ana umartarsa ya buɗe ya rufe ta na'urar bincike, ana kallon abin da sensa ke nunawa. Bakaniken da ya yi wannan gwaji na minti goma ya cancanci kuɗin aikinsa fiye da wanda ya aika yaro kasuwa tun bai buɗe bonet ba.

Idan ya tabbata sai an sauya, a tafi da lambar da ke jikin tsohon bawul da lambar shasin mota. Ko a Ƙofar Ruwa a Kano za a saya, ko a Panteka a Kaduna, ko a Ladipo a Legas, kamanni ba ya wadatarwa, domin bawul biyu suna iya zama iri ɗaya a ido amma wayoyin soket ko girman ƙofar su bambanta. Na hannu da aka ciro daga wata mota yakan zo da tasa dauɗar, don haka a duba sandar tana motsi, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa kafin a biya.

Ɗaura shi

A fara aikin da injin a sanyaye, domin bututun hayaƙi yana riƙe zafin da zai iya sale fata. A cire kan batir na nagatif. A ɗauki hoton tiyo da wayoyi da wayar hannu kafin a taɓa komai, saboda juya tiyo biyu kuskure ne da ke faruwa ko ga ƙwararru. Ana samun bawul ɗin a jikin manifol na iska ko kusa da shi, kuma hanyar gane shi ita ce bin bututun ƙarfen da ya taso daga manifol na hayaƙi.

A zare soket ta hanyar danna maƙallinsa, kada a ja waya. Notikan sukan ci tsatsa saboda zafi, don haka a fesa musu man sassauta tsatsa a ɗan dakata, a yi amfani da sifana daidai girmansu. Notin da ya karye a cikin manifol yakan mayar da aikin awa ɗaya ya koma na yini guda. Idan bawul ɗin yana da tiyon ruwa, a rage ruwan lagireto tukuna.

Bayan an ciro shi, a toshe ƙofar manifol da tsumma mai tsabta domin kada ɓarɓashi ya faɗa cikin injin, sannan a kankare ragowar tsohon gaskit a hankali ba tare da an yi wa alminiyam rauni ba. Daga nan sai aikin da aka fi tsallakewa, wanda kuma shi ne mafi muhimmanci, wato share hanyar hayaƙi. A bi ta da burushi ko lanƙwasasshiyar waya da maganin wanke kabureta har sai iska ta wuce sosai. Idan dauɗar ta yi yawa a manifol, gara a ciro shi gaba ɗaya a wanke a ƙasa, maimakon a tura ta cikin silinda. Sabon bawul a kan toshasshiyar hanya ba zai hana fitila dawowa ba. Idan tsohon bawul ne za a wanke a mayar, maganin ya tsaya a kan sanda da mazauninta kawai, kada ya taɓa tantanin roba ko ɓangaren lantarki.

A sa sabon gaskit a kowane lokaci. Kada a shafa gam ko silikon a madadinsa, domin zafin hayaƙi zai ƙone shi, gutsattsarinsa kuma su maƙale a bawul. A fara ɗaura notika da hannu har su zauna, sannan a riƙa matsa su bi da bi, kaɗan-kaɗan, don fuskar ta kwanta daidai. Ƙarfin ɗaurin yana cikin littafin kowace mota, kuma ba mai yawa ba ne. Al'adar nan ta ƙara wa sifana bututu domin a ɗaure tamau ita ce ke cinye zaren alminiyam. A mayar da tiyo da soket bisa hoton da aka ɗauka, a cika ruwan lagireto a fitar masa da iska, a jona batir.

Saura mataki ɗaya. A goge tsohuwar lamba da na'urar bincike, kuma a motoci da yawa, musamman na Volkswagen da sauran dizal na Turai, sai an sa kwamfuta ta koyi matsayin sabon bawul ta wannan na'ura. In ba a yi ba, mota za ta iya ci gaba da nuna ciwon da aka riga aka magance. A tayar da injin a fili mai iska, ba a rufaffen gareji ba, a saurari ko akwai huci a bakin gaskit, sannan a yi tafiya mai ɗan nisa, domin kwamfuta ba ta gwada EGR sai injin ya ɗumama yana tafiya.

Mai motar da ke da akwatin sanyaya hayaƙi ya riƙa lura da ruwan lagireto. Idan yana raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba, ga farin hayaƙi a salansa, a duba akwatin kafin a zargi gaskit na kan silinda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2018 kamfanin BMW ya janye motocin dizal kimanin miliyan 1.6 a faɗin duniya saboda yoyon wannan akwati yana iya haddasa gobara, bayan motoci da dama sun kama da wuta a Koriya ta Kudu.

Batun toshe shi da ƙarfe

A garejojinmu akwai masu yanko gwangwani ko farantin ƙarfe su toshe ƙofar bawul, su ce an huta. Gaskiya ne cewa mota mai bawul da ya maƙale a buɗe takan farfaɗo nan take idan an yi haka, kuma manifol ɗin dizal yakan daina tara kwalta. Amma a motar fetur, kwamfuta tana tsara lokacin tartsatsin fulogi ne da zaton hayaƙin yana shiga. Idan babu shi zafi zai ƙaru, ƙarar tsakuwa ta biyo baya. Motar da ke da sensar jin wannan ƙara za ta ja lokacin tartsatsi baya, shan mai ya ƙaru, abin da ba wanda ke so tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Wadda ba ta da sensar kuwa, fistan da gaskit ne za su ɗauki dukan. Haka kuma fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne, ranar da wata babbar matsala ta taso direba ba zai sani ba, wasu motocin dizal ma sukan rage wa kansu gudu har sai an gyara.

Sai kuma lafiyar jama'a. Iskar NOx tana fusata hanyoyin numfashi, tana tayar da ciwon asma, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ma'auninta na shekara ga mafi cutarwa daga cikinsu daga maikirogiram 40 zuwa 10 a kowace kubik mita ta iska. Waɗanda suka fi shaƙarta su ne masu yini a bakin titi: 'yan talla, da jami'an ba da hannu, da direbobin a-daidaita-sahu, da yara ƙanana waɗanda tsayinsu bai fi bakin salansa nisa ba, har da shi kansa bakaniken. Girman lamarin ya bayyana a Satumban 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata dabara a kwamfuta da ke sa na'urorin rage hayaƙi su yi cikakken aiki a lokacin gwaji kawai. A kan titi wasunsu suna fitar da NOx har ninki 40 na abin da doka ta yarda, kuma kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa a duniya. A Najeriya ma, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin hayaƙin injinan fetur da dizal tun 2011.

Wanda bawul ya maƙale masa a kan hanya, nesa da gari, yana iya toshe shi na ɗan lokaci domin ya isa gida. Da ya isa, a cire ƙarfen, a wanke bawul da hanyarsa, a sauya matatar iska da baƙin mai idan lokacinsu ya yi, sannan motar da ke yini a cikin gari a riƙa fita da ita doguwar hanya jefi-jefi domin injin ya yi zafin da ya kamata.